Rajistar Haihuwa da Binciken Asalin Zuri'a a Ƙasar Hausa

A wannan takarda zan yi bayani ne a kan yadda ake adana labarin haihuwa a ƙasar Hausa, da kuma damar da mai neman asalin gidansu yake da ita ta ganin waɗannan takardu.

Kakanninmu da manyan abubuwan da suka faru suke riƙe shekarun haihuwa. Sai a ce an haifi wane shekarar da Turawa suka ci Kano, wato 1903, ko lokacin yunwar Kakalaba ta 1914, ko zuwan Sarauniya a 1956. A gidajen malamai kuwa akan rubuta sunan jariri da rana da wata na Hijira a bangon littafi. Irin wannan rubutu na 'yan gida ne kawai, in gara ta ci littafin shi ke nan.

Rajista irin ta gwamnati a Ikko ta faro, a 1863, ta kuma daɗe ba ta game ƙasa ba. Dokar soja mai lamba 69 ta 1992 ta wajabta yin rajistar kowace haihuwa, ta ɗora aikin a wuyan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. A 2023 aka ƙaddamar da yin rajistar ta kwamfuta. Saboda haka yawancin dattawanmu takardar rantsuwar kotu suke riƙe da ita, wadda sau da yawa kintace ce.

Wanda duk ya zo mini da neman asalin kakansa, nakan ce ya fara da tsofaffin gida, musamman mata, domin su ke riƙe da jerin haihuwa. Daga nan sai rajistar shiga makarantar elementare, da takardun harajin En'e, da littattafan rabon gado na kotunan alƙalai. Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa suna ajiye da takardun lardi da na gundumomi.

To, wa ya cancanci a buɗe wa rajista? Takardar haihuwa tana iya raba gardamar gado ko ta sarauta, tana kuma iya tona asirin da zai raba zumunci. A Sikotilan, inda aka fara rajista a 1855, sai haihuwa ta cika shekara 100 ake sa hoton takardarta a intanet. A ganina irin wannan iyaka ta dace da mu, domin ta kare mutuncin rayayyu, ba ta kuma hana jikoki sanin tushensu ba.

Daga ƙarshe, ina kira ga malaman makaranta su killace tsofaffin rajistocinsu, su sa ɗalibai su rubuta sunayen kakanni daga bakin dattawa tun suna raye. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.