Rage Tururin Sitirin da Sharar Roba a Masana'antun Zaren Gilashi: Nazari kan Hanyoyin Sarrafawa

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta yawan sitirin da ke tashi cikin iska a hanyoyi uku na shafa rezin a masana'antun robar zaren gilashi, ta amfani da ma'aunin Hukumar Kare Muhalli ta Amurka. An gano cewa sauya na'urar shafawa da rage sitirin a cikin rezin suna iya zaftare fiye da rabin tururin tun kafin a kashe kuɗi kan injin tace iska. Maƙalar ta kuma duba batun adana sinadarin da sarrafa shararsa.

Muhimman kalmomi: sitirin, rezin, zaren gilashi, folistarin, lafiyar ma'aikata

1. Gabatarwa

Sitirin ruwa ne marar launi mai ƙarfin wari, wanda ake samu daga sinadarin etilbenzin. Da shi ake yin folistarin, wato robar kofuna da farar kumfar da ake zuba abinci a ciki, da robar ABS, da wani kaso na robar tayoyi. Sai dai ma'aikatan da suka fi shaƙar sa su ne masu ƙera jiragen ruwa, tankuna da bahon wanka da zaren gilashi, domin rezin ɗin da suke shafawa a buɗaɗɗen mazubi yakan ƙunshi sitirin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na nauyinsa.

Shaƙar tururin na jawo ciwon kai, jiri da ƙaiƙayin ido. Idan abin ya daɗe, yana taɓa ji da iya bambance launuka. A 2018 hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta ɗaga sitirin zuwa rukunin 2A, na abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar daji ga ɗan Adam. Hukumar OSHA ta Amurka ta ƙayyade kashi 100 cikin miliyan a iskar wurin aiki na awa takwas, amma ƙungiyar ACGIH ta sauko da shawararta zuwa kashi 10 cikin miliyan a 2020. Wannan tazara kaɗai ta isa ta nuna cewa cika sharaɗin doka bai wadatar wajen kare ma'aikaci ba.

2. Hanyar Bincike

An yi amfani da lissafin ƙiyasin tururi da ke cikin dokar da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta fitar a 2003 don masana'antun robar zaren gilashi. An lissafa kilogiram nawa na sitirin ke tashi daga tan ɗaya na rezin, a hanyoyi uku: feshi mai watsa rezin kamar hazo, shafawa da hannu da buroshi ko abin mirginawa, da na'ura mai kwararo rezin ba tare da watsawa ba. An gwada kowace hanya da rezin mai sitirin kashi 40 da kuma mai kashi 35.

3. Sakamako

Da rezin mai kashi 40, feshin hazo yana sakin kimanin kilogiram 106 a kowane tan, shafawa da hannu kimanin 62, na'urar kwararowa kuma kimanin 46. Da aka sauko zuwa kashi 35, adadin ya koma kimanin 70, 47 da 38 bi da bi.

Abu biyu ne suka fito fili. Na farko, mai feshin hazo da rezin mai kashi 40 yana asarar fiye da rubu'in sitirin ɗin da ya saya da kuɗinsa, tunda daga kilogiram 400 ɗin da ke cikin tan, 106 sun bi iska. Na biyu, idan ya haɗa sauye-sauyen biyu, wato sauya na'ura da rage sitirin, daga 106 zuwa 38, ya rage kusan kashi biyu cikin uku.

4. Tattaunawa

Dalilin bambancin yana cikin girman ɗigon rezin. Feshi na farfasa shi zuwa ƙananan ɗigo masu yawan gaske, kowane ɗigo kuma iska na lasar sa ta ko'ina kafin ya sauka. Wani kason ma ba ya sauka a mazubi, sai ya faɗi ƙasa ya daskare ya zama shara. Don haka gyara ɗaya yana maganin gurɓatar iska da ɓarnar kaya lokaci guda.

Akwai mataki na gaba, wato rufaffen mazubi: a shimfiɗa busasshen zaren gilashi, a rufe da leda ko murfi, a zuƙe iska, rezin ya shiga ta bututu ya daskare a rufe. Tururin da ke fita a nan kaɗan ne ƙwarai, amma aikin na buƙatar jari da horo. Ƙananan masana'antu kan iya farawa da rezin mai ɗan kakin da ke tasowa ya rufe saman aikin, muddin an goge saman kafin a ɗora wani shafi, don kada mannewar ta yi rauni. Injinan ƙona tururi da matatun gawayi suna aiki, sai dai iskar rumfunan aikin tana da yawa, sitirin ɗin cikinta kuma a tsarme yake, saboda haka kuɗin makamashi kan yi nauyi. Gwajin fitsarin ma'aikata don auna asid ɗin mandelik shi ke tabbatar da ko gyaran ya kai jikinsu.

Adanawa ma tana da nata haɗarin. Ranar 7 ga Mayu, 2020, tankin sitirin na masana'antar LG Polymers da ke Bisakafatnam a Indiya ya yi zafi bayan tsayar da aiki saboda kullen korona. Sinadarin ya fara haɗe kansa yana ƙara zafi, tururi ya mamaye unguwannin kusa, mutane aƙalla 12 suka rasu, ɗaruruwa suka kwanta asibiti. Sanyaya tanki, auna zafinsa sama da ƙasa, da duba sinadarin TBC mai hana daskarewa ayyuka ne na kullum, ko injina na juyawa ko suna tsaye.

Game da shara, kumfar folistarin kusan kashi 98 cikin ɗari iska ce, shi ya sa jigilarta ba ta biyan kuɗin mota sai an matse ta. Gutsattsarin da ba su ƙazantu ba ana iya niƙa su a mayar cikin aiki a masana'antar kumfar kanta. Jihar Legas ta haramta kumfar zuba abinci a Janairun 2024 saboda toshe magudanan ruwa, amma irin wannan hani bai shafi iskar da ma'aikacin zaren gilashi ke shaƙa ba.

5. Kammalawa

Sakamakon ya nuna jerin da ya kamata a bi: a fara da sauya bindigar feshi da nau'in rezin, a koma rufaffen mazubi inda siffar kaya ta ba da dama, sannan a tace abin da ya rage. Ana ba hukumomin sa ido shawarar su riƙa neman bayanin yawan rezin da aka saya, kason sitirin ɗinsa da hanyar shafa shi, domin da waɗannan ukun ana iya ƙiyasta tururin kowace masana'anta ko da babu na'urar awo. Tunda lissafin da aka yi amfani da shi daga Amurka ya fito, bincike na gaba ya dace ya auna tururin kai tsaye a ƙasashe masu zafi, inda sitirin ke saurin tashi.