Daga Lefen Kaba zuwa Kofi Mai Suna: Tarihin Aikin Hannu a Bikin Aure a Ƙasar Kauru

1.0 Gabatarwa

Ko da yake waliyyi da sadaki da shaidu da siga su ne ke tabbatar da aure a shari'a, a idon jama'a biki ba ya kammala sai an ga kaya. Kayan nan kuwa, tun daga lefen da dangin ango ke kaiwa har zuwa jeren da dangin amarya ke yi, su ne ke bambanta wannan biki da wancan. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda ake sanya wa biki shaidar masu shi a ƙasar Kauru, daga ƙarni na 19 zuwa yau. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a da shaidar tana cikin ƙirar kayan ne, domin an san hannun da ya yi su. Da kayan kanti suka shigo sai ta koma ga yawa. A yau kuma ta koma ga sunan da ake bugawa a jikin abin da inji ya ƙera.

2.0 Kauru da Maƙwabtanta

Kauru tsohon gari ne na Hausawa da ke kudu maso gabas da birnin Zariya, a cikin Jihar Kaduna ta yau. M. G. Smith, a littafinsa Government in Zazzau (1960), ya lissafa ta cikin ƙasashen da ke biyayya ga Sarkin Zazzau alhali suna da sarautarsu ta gado. Ita da Kajuru sun ci gaba da zama a hannun sarakunansu na Haɓe ko bayan da masu jihadi suka karɓi Zazzau a farkon ƙarni na 19. A kewayen garin, musamman a kan duwatsu da gindinsu, akwai al'ummomi masu harsunansu daban, kamar Kurama da Surubu da Binawa da Kono da Rumaya da Ruruma, sannan can kudu akwai Chawai, waɗanda ke kiran kansu Atsam.

Zaman waɗannan al'ummomi da garuruwan Hausawa ya haɗa da daɗi da ɗaci. An karɓi haraji, an kai hare-haren kamun bayi, amma kuma an ci kasuwa ɗaya. Bahaushe ya kawo tufa da gishiri da kanwa da kayan jima, mutumin dutse ya kawo acca da zuma da kwanduna da tukwane. Wannan cuɗanya tana da muhimmanci ga batunmu, domin ɗakin amarya a irin wannan wuri ya kan tara aikin hannun mutanen da ba su jin harshen juna sai a bakin kasuwa.

3.0 Zamanin Hannu

Kalmar lefe kanta shaida ce. A asalinta sunan wani kwando ne da ake saƙawa da kaba, wanda mata ke ajiye audugar kaɗi a ciki. A cikinsa ake zuba 'yan tufafin da ango zai kai wa amarya, har sunan mazubi ya koma sunan kaya. Duk wanda ya san girman wannan kwando ya san cewa lefen wancan zamani bai wuce zane biyu ko uku da mayafi da ɗan abin wuya ba. Sai dai kowane zane a ciki yana da tarihinsa. Mace ce ta gurje audugar, ta shiɓe ta da baka, ta kaɗa ta da mazari tana shafa alli a yatsa. Masaƙi ya saƙa ta ƙwarya-ƙwarya, maɗinki ya haɗa, marini ya tsoma a baba, mabugi ya buga har ta yi sheƙi. Uwar ango za ta iya faɗin gonar da aka tsinko audugar da sunan masaƙin, matan da suka zo ganin lefe kuma za su iya gane saƙar wane ce da ganin bakin zanen.

Ɓangaren amarya ya fi wannan nisa. Tun yarinya tana ƙarama uwa ke fara tari: yau ƙwarya, gobe faifai, bayan kaka akushi. Ƙwaryar jere ta bambanta da ta aikin yau da kullum. Ana zaɓen wadda ta nuna sosai, a fafe ta, a kankare, sannan a kai wa mai zane ya ƙawata bayanta da wuƙa, wani lokaci da ƙarfe mai zafi domin zanen ya fito baƙi. Faifan rufi kuwa sau da yawa matan gida ne ke saƙa su da zaren kaba mai rini, kowace da irin tsarin launin da aka san ta da shi. Goggo ta kawo nata, inna ta kawo nata, ƙawar uwa ta biya bikin da aka yi mata a baya. Ranar jere, idan aka ɗora ƙore bisa ƙore aka kife da fayafai, mai ido yana iya karanta dangin amarya a jikin bango, ya san wadda ta yi ƙoƙari da wadda ta yi ƙwauro. Masu hali su kan ƙara da tasoshin tagulla da mundayen gilashi na Bida, waɗanda fatake ke kawowa. Su ma ƙirar hannu ce, illa dai hannun na nesa ne.

Ɗakin ma aikin hannu ne. Maza su gina, su yi baibaya, mata kuma su taru su yi daɓe da madaɓi suna waƙa, su yayyafa ruwan makuba domin ƙasa ta yi ƙarfi ta yi duhu, a shafe bango da farar ƙasa. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary F. Smith ta rubuta daga bakinta a tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, ya fito ne daga arewacin wannan yanki, tsakanin Zazzau da Kano, amma ya nuna yadda kyaututtukan aure na ƙarshen ƙarni na 19 ke tafiya a hannun mata, ana ƙidaya su da wuri da zane da ƙwarya, kowace kyauta kuma bashi ce da za a rama.

A nan ya kamata a lura da wani abu da masu kukan tsadar aure kan manta. Kayan ɗaki mallakar mace ne. Miji ba shi da iko a kansu, idan aure ya mutu da su take fita, idan yunwa ko ciwo ya zo a cikinsu take ɗaukar na sayarwa, idan ta haifi mace daga cikinsu take fara tarin 'yarta. Jere ado ne, kuma shi ne asusun matar da ba ta da gona.

Al'ummomin kan dutse suna da nasu tsarin. A wurin da yawa daga cikinsu saurayi yana biyan wani ɓangare na aure da ƙarfinsa, wato noma a gonar suruki tare da abokansa, a haɗa da awaki da kaji da kayan noma na ƙirar maƙeri. C. K. Meek (1931) da H. D. Gunn (1956) sun yi rubutu a kan auren al'ummomin wannan yanki. Abin da ya haɗa su da maƙwabtansu Hausawa shi ne, abin da aka bayar an san wanda ya yi shi, an kuma ga guminsa.

4.0 Shigowar Kayan Kanti

Jirgin ƙasa ne ya fara sauya wannan tsari. Layin dogo ya iso Zariya a 1911. Ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Rahama zuwa ma'adinan kuza na Jos ya kammala a 1914, ya yi aiki har 1957, ya kuwa ratsa ƙasar da ke maƙwabtaka da Kauru. Ta kudu kuma, layin gabas ya haɗu da Kaduna ta Kafanchan a 1927, abin da ya mai da Kafanchan babbar mahaɗa da kasuwa. Ta waɗannan hanyoyi auduga ta fita ɗanya zuwa Ingila, akoko da atamfa da kwanon sha suka shigo. Daga baya masana'antu suka matso kusa: masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, a shekarun 1960 kuma 'yan kasuwa daga Hong Kong suka kafa masana'antun kwano a Ikeja da Kano.

Kwano ya kori ƙwarya daga bango ba da wani dogon yaƙi ba. Ba ya fashewa, ba ya buƙatar gyartai, yana da fure ja da shuɗi, kuma idan an matsu ana iya sayar da shi kusan a kuɗinsa. Lefe ya tashi daga kwandon kaba ya koma fanteka da kwalla, daga nan akwatin ƙarfe, har ya kai ga saitin akwatuna. Gadon ƙarfe mai rumfa ya maye gurbin gadon kara da na ƙasa, siminti ya kashe daɓe tare da waƙoƙinsa. Tun da kuwa kwanon wannan amarya da na waccan daga inji ɗaya suka fito, ba sauran abin da zai bambanta su sai adadi. Tambayar 'yan ganin ɗaki ta tashi daga "Wa ya yi?" ta koma "Saiti nawa ne?" Kuɗin man fetur na shekarun 1970, musamman bayan ƙarin albashin Udoji na 1974 zuwa 1975, ya ƙara wa wannan gasa wuta, kabad mai gilashi ya shigo, tangaran da samira suka bi bayan kwano.

Nauyin wannan sauyi a kan 'ya mace ya faɗa. Abin da uwa ke iya saƙawa da hannunta a tsakar gida ya zama abin da sai da tsabar kuɗi ake samu, hanyar kuɗin matar kulle kuwa ita ce tallar 'yarta. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda ribar talla ke tafiya ga tarin kayan ɗaki, da yadda hakan ya yi karo da shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Duk wanda ya san ƙauyukan Zazzau ya san lamarin bai tsaya a Kano ba. A ganin mai wannan rubutu, ba za a fahimci jinkirin karatun 'ya'ya mata a karkara ba idan aka ware shi daga tarihin kwano.

Duk da haka hannu bai yi ritaya ba, ya dai nemi sabuwar kafa. 'Yan mata suka koyi saƙar kwarashi da yi wa zanin gado da rigar filo ado da zare mai launi, wasu a ajin koyon aikin gida, wasu a wurin matan mishan. A cikin al'ummomin da suka karɓi addinin Kirista, inda ikilisiyoyi irin su ECWA, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954, suka yi ƙarfi, auren coci ya zo da farar riga da telan gari ke ɗinkawa daidai jikin amarya, da waƙar da 'yan mawaƙa ke shiryawa da sunan ma'aurata, da kyautar da zumuntar mata ke haɗawa. Wani abin lura shi ne, da yawa daga waɗannan waƙoƙi da Hausa ake yin su.

5.0 Zamanin Suna

Daga shekarun 1980 zuwa 1990 wata sabuwar hanya ta bayyana, wato buga suna. Katin gayyata ya fara, kalanda mai hoton ango da amarya ta biyo, sannan kofi da bokitin roba da mafici da littafin rubutu, kowanne da sunaye biyu da kwanan wata. Anko, wanda aka aro daga Yarabawa, ya sa ƙawaye da dangi suka zama launi ɗaya. A yau, da kwamfuta da wayar hannu, mai shago a Kafanchan ko Saminaka ko Zariya zai tsara tambarin biki ya manna shi a kan kowane abu cikin yini guda. Buƙatar dai ita ce ta da, wato a ce wannan bikin wance ne. Bambancin shi ne, ƙwaryar da aka zana tana shiga ɗakin amarya ta zauna a matsayin dukiyarta, kofi mai suna kuwa fita yake yi daga gidan biki zuwa gidajen baƙi, kuɗinsa kuma ba ya dawowa.

Ana iya ganin ɗaya ƙarshen wannan hanya a wajen ƙasar Kauru, a auren gata da gwamnatin Jihar Kano ta shirya ta hannun Hukumar Hisba, wanda ya fara da ma'aurata 100 a 2012, ya kai 1,800 a 2023. A can an raba wa amare gado da katifa da kabad iri ɗaya. Shirin ya sauke wa iyaye matalauta nauyi na gaske, ya kuma nuna inda tsadar kayan kanti ta kai al'ada: ɗakin da dangi suka kasa cikawa, hukuma ce ta cika shi.

Inda aikin hannu ya fi tsira shi ne abin da ya shafi jiki da ƙamshi da baki. Lalle ya bar zunguru da ƙunshin ganye ya koma zanen fure da ake yi wa kowace amarya nata daban, mai zanen kuma ta zama mai sana'a da ake kama ta tun kafin a sa rana. Turaren wuta da humra da dilka, waɗanda suka yaɗu daga Barno, har yanzu haɗin hannu ne, kowace mai haɗi da sirrinta. Babbar rigar ango da hularsa, idan ana son na ƙwarai, aikin allura ne, birnin Zariya kuwa ya daɗe da suna a aska biyu da aska takwas. Gara ma haka take: alkaki da nakiya da dubulan ba su da masana'anta, sai mata sun zauna sun kwana a bakin murhu, kuma dangin ango suna gane gidan da aka iya da ɗanɗanon farko.

Ƙwarya da faifai da tabarma su ma sun dawo, amma ta wata ƙofa. A bukukuwan kamu da ake yi a ɗakunan taro na birane, da waɗanda 'yan Kauru mazauna Kaduna da Abuja ke halarta ko shiryawa, masu ƙawata wuri suna jera su a bayan kujerar amarya domin hoto. Ana kiran wannan ranar al'ada. Kayan na haya ne, ana biyan kuɗinsu na yini ɗaya, da an watse kuma mai su ya kwashe ya kai wurin biki na gaba. Masu saƙar fayafan da masu zanen ƙoren suna samun ɗan ciniki daga wannan, sai dai mai ƙawata wuri saye ɗaya yake yi ya yi shekaru yana juyawa, alhali a da kowace amarya sai an yi mata nata.