Mai Zama a Bencin Baya

A watan Satumba na 1976, ranar da aka buɗe makarantu da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, ni aka zaunar a gindin wata bishiyar darbejiya da rajista a kan cinya. Babu yaron da ya zo da takardar haihuwa. Hedimasta ya ce kowane yaro ya ɗora hannunsa na dama bisa kai ya kamo kunnen hagu. Wanda hannunsa ya kai, ya cika shida, wanda bai kai ba, sai baɗi. Kafin azahar na cika shafi uku. A faɗin ƙasa gwamnati ta yi shirin yara wajen miliyan 2.3, sai kusan miliyan 3 suka fito. Mu a ƙauyukan Hunkuyi ba mu san wannan lissafi ba, abin da muka sani shi ne ɗakunan karatu biyu ne, yara kuwa sun fi ƙarfin huɗu. Lokacin duk yankin nan ƙarƙashin ƙaramar hukumar Ikara yake. Daga baya aka fitar da Makarfi, sannan Kudan a 1996, hedikwatarta a nan Hunkuyi.

Shekarata goma sha takwas, takardata ta aji bakwai ce da wani kwas na 'yan watanni. Da wannan aka kira ni Malam.

Hedimastan namu tsohon malamin En'e ne, ya yi Giret Tiri, ya koma ya yi Giret Tu. Kowace Litinin kafin a kaɗa ƙararrawa littafin shirin darasin kowa yana kan teburinsa, ya bi shi layi-layi da jan biro. Amma abin da muka fi tsoro shi ne shigowarsa. Ba ya sallama da ƙarfi, sai dai ka juyo daga allo ka gan shi a can baya, ya matse tsakanin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓa.

Wata rana ina koyar da ɗebewa mai aro a aji biyu: 42 a cire 17. Na rubuta, na yi bayani, na ce, “Kun gane?” Aji ya amsa da murya ɗaya, “Mun gane, Malam!” Sai ya ɗago wata yarinya da ke kusa da shi ya miƙa mata alli. Ta tsaya gaban allo ta cire biyu daga bakwai, ta cire ɗaya daga huɗu, ta rubuta 35. Bai ce komai ba a gaban yara. Bayan an tashi ya kira ni ofis.

“Ɗana, aro a wajen wa za ta yi?”

“Ranka ya daɗe, a wajen huɗun.”

“Ita huɗu take gani. Kai ne ka san arba'in ce. Je ka gona ka samo kara.”

Da yamma na yanka karan dawa gajere-gajere, na ɗaure goma-goma da rama. Washegari na ba ta ƙulli huɗu da sili biyu, na ce ta ba ni goma sha bakwai. Ta ba ni ƙulli ɗaya, ta dubi silin biyu, ta yi shiru. Can sai ta kwance wani ƙullin da haƙori. Ban sake yi mata bayanin aro ba.

Na daɗe kafin na fahimci inda dattijon ya gaji wannan zama na bayan aji. Tun da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, malamai aka fara horarwa. Kwalejin Katsina da aka yi bikin buɗe ta a 1922 ma don malanta aka gina ta, kafin ta koma Kaduna a 1938, ta sauka Zariya a 1949, ta zama Barewa. Sardauna ya riƙe alli a Midil ta Sakkwato, Tafawa Ɓalewa a Bauchi, Abubakar Imam a Katsina. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi, ya shugabanci kwalejin horon malamai ta Maru, shi ne kuma ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Wato a wancan zamani wanda ya fi kowa ƙoƙari a aji shi ake mayarwa aji. A ƙarƙashin En'e kuwa akwai bisitin-tica da ke yawo bisa keke daga wannan elementare zuwa waccan, aikinsa ya zauna ya ji darasi, ya gyara, ya rubuta a littafin makaranta.

Kada a ɗauka ina yabon zamanin ne ido rufe. Makarantun ƙalilan ne, kamo yaran ake yi ta hannun dagaci, iyaye na ɓoye su a rumbu, 'yan mata kuwa sai ka ƙirga su da yatsu. Bulala ta yi yawa. Amma tsarin ya riƙe abu ɗaya wanda mu Hausawa ba baƙonmu ba ne. A makarantar allo ba ka wanke allonka sai malam ya saurari biyawarka. Mai karatu a zaurukan birnin Zariya ba ya wuce shafi don ya ce ya gane, sai an ji daga bakinsa. Malamin boko ma haka aka ɗauke shi: ɗalibi ne da za a riƙa saurare har ya ƙware.

Bayan 'yan shekaru na samu izinin ƙaro karatu, na tafi ɗaya daga cikin kwalejojin horon malamai na Zariya. Lokacin ga ta Basawa kusa da mu, ga ta mata a Kongo. Malamin Giret Tu kowane darasi na firamare ake koya masa: lissafi, Hausa, Ingilishi, kiwon lafiya, aikin hannu, motsa jiki, har yadda ake rubutu miƙe a allo ba tare da ka ba yara baya ba. In lokacin gwajin koyarwa ya zo, malamin kwaleji zai zauna maka darasi bayan darasi. Ka iya cin duk takardu ka faɗi a gaban yara, kuma faɗuwa ce. Waɗanda ba su samu barin aiki ba suka bi ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da aka kafa a Kaduna a 1976, suna karatu Asabar da hutu. Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello ita ma a shekarun 1970 ta yi wani shiri da taimakon UNICEF, mai tura masu horo su iske malami a makarantarsa. Da wannan faci-faci aka mayar da irinmu malamai.

Abin da ya fara karya mu albashi ne. Farkon shekarun 1980 sai a yi watanni ba a biya ba, sannan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya cinye ɗan abin da ke zuwa. An kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1988, aka ɗan samu sa'ida, aka rushe ta a 1991, aka dawo da ita a 1993. A ƙasar rake da tumatir kamar tamu, malamin da yunwa ta koro ba ya rasa wurin zuwa: fadama na nan. Sai ka ga an sa hannu a littafin zuwa aiki ƙarfe bakwai da rabi, ƙarfe goma mutum yana ban-ruwa. Wane hedimasta ne zai tsare shi, alhali shi ma nasa raken na jiran sara?

Sai aka ce mafi ƙarancin takardar koyarwa ita ce NCE, aka riƙa mayar da kwalejojin Giret Tu makarantun sakandare. A takarda ci gaba ne, kuma ban raina kwalejin ilimi ta Zariya ba, wadda ta faro tun 1962, ko ta Gidan Waya. Sun fitar da ƙwararru. Amma yawancin masu NCE darasi biyu suka karanta, ka ce tattalin arziki da zamantakewa, sai a ba su aji ɗaya mai yara tamanin da ba su san baƙi ba. Ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake haɗa “ba” da “ka” yaro ya karanta “baka”. Da siyasa ta dawo a 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE, gine-gine suka ƙaru, amma ɗaukar malami ya zama hanyar sallamar 'yan gida. Wani da 'yar wasiƙa yake zuwa maka, ba da tambaya ba.

A wannan zamanin ni ma na zama hedimasta, kuma a nan nawa laifin yake. Na zama akawu. Yau cike fom, gobe taro a ofis, jibi bin sawun sunan wani da ya faɗi daga takardar albashi. Littattafan shirin darasi kuwa ina sa musu hannu ina hira. Wata rana ina jiran ruwa ya tsagaita na buɗe na wani malami don rage lokaci, sai na ga kwanan watan shekara huɗu baya. Tsohon littafinsa yake kwafewa har da kwanan. Mako tara a jere, kowane shafi da sa hannuna a ƙasa, da jan biro. Na rufe na mayar. Me zan ce masa?

Daga 2008 shirin ESSPIN mai tallafin gwamnatin Birtaniya ya shigo jihar Kaduna, ya iso har makarantunmu. Aka kira mu bita. Mai horon, saurayi ne mai ladabi, ya ce babban aikin hedimasta shi ne ya shiga aji ya lura da darasi, sannan ya zauna da malami su tattauna ba tare da tozartawa ba. Ya zazzage murafun kwalba da tsinke a kan tebur, ya ce da waɗannan za a koyar da gidan goma. Dariya ta kama ni, sai kuma ta maƙale. Karan da aka aike ni yankowa a gona ne ya zagayo ta Ingila ya dawo mini. Shirin ya yi amfani inda aka bi shi, da kwamitocin iyaye da aka kafa. Inda aka ɗauki bita wurin karɓar alawus kuwa, takardun suna can cikin akwati, gara ta yi rabonta.

Na yi ritaya a 2011, don haka daga gefe na kalli abin da ya biyo. A 2016 aka fara ciyar da 'yan firamare, ajujuwa suka cika kamar 1976. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malamai wajen 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 ba, aka sallame su, aka ce za a ɗauki 25,000. Ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a Janairun 2018. A 2022 aka sake sallamar 2,357. Ba gidan malami a yankin nan da abin bai taɓa ba, kai tsaye ko ta dangi.

Mutane kan so in ɗauki ɓangare. Gaskiya akwai waɗanda bai kamata a ba su alli ba tun farko, na san su, na yi aiki da su. Sai dai ba da kansu suka ɗauki kansu ba, kuma shekara da shekaru wani yana sa hannu cewa aikinsu ya yi. Ni ɗaya ne daga cikin masu sa hannun. Jarrabawa tana nuna wanda bai sani ba, amma ba ta nuna wanda ya iya koyarwa. Na san wata malama da ba ta kai makin ba, alhali duk yaron da ya bi ta ajinta yana fita yana karanta Hausa. Na kuma ga mai digiri da ya ci da kyau, aka turo shi ƙauye, ya tsaya gaban yara ɗari yana zuba Turanci, su kuma suna amsa masa “Yes sa” kamar yadda aka taɓa amsa mini “Mun gane”. Ba laifinsa ba ne. Tun da ya kama aiki ba wanda ya zauna ya ji darasinsa.

Bara wata ɗalibata, wadda yanzu ita ke riƙe da wata firamare a gefen gari, ta zo gida gaisuwa. Ta ce, “Baba Malam, ina da sababbin malamai uku, ni kuma ofis ya cinye ni. Ko za ka riƙa leƙo mana ranar Laraba?” Na ce mata ita ma sai ta zauna tare da ni, in ba haka ba ba na zuwa. Ta yarda.

Ranar Laraba muka shiga ajin ɗaya daga cikin sababbin malaman. Ajin ba benci, a ƙasa yara suke zama, sai aka kawo mana bulo biyu. Malamin ya rubuta 53 a cire 28, ya yi bayani tsaf, ya juyo ya tambaya ko an gane. Aji ya ɗauka gaba ɗaya. Na zunguri hedimastar, ta miƙa wa yaron da ke kusa da ƙafarta alli. Karan yana cikin jakata, na ɗaure shi da roba tun daren jiya, don rama ta yi wuyar samu.