Yadda Lu'ulu'u Ya Hau Bakin Faifan Yankan Dutse

Akwai gardamar da ta ƙi ƙarewa tsakanin masu sa tayil, magina da 'yan kasuwar kayan gini: me ya sa wani faifan yanka na lu'ulu'u yake daɗewa yana aiki, wani kuma ya dakushe tun kafin a tashi daga aikin yini? Amsar da aka fi ji ita ce jabu ya cika kasuwa, wai mai arahar babu lu'ulu'u a bakinsa ko kaɗan. Tarihin faifan bai goyi bayan wannan zargi ba. Lu'ulu'un yana nan, kuma a yau samunsa ba wuya. Abin da ya daɗe yana ba maƙera wahala shi ne ƙarfen da zai riƙe ƙwayoyin, ya kuma sake su idan lokaci ya yi.

A zamanin Fir'aunoni ana yanka dutsen giranit a Masar da zarton jan ƙarfe. A 1883 masanin tarihi Flinders Petrie ya dage cewa lalle an dasa duwatsu masu daraja a bakin zarton, amma daga baya gwaje-gwajen Denys Stocks sun nuna busasshen yashi da ake zubawa a tsagar ya isa. Pliny na Rum ma ya rubuta cewa yashi ne ke yanka mabul, ƙarfe turawa kawai yake yi. Haka aka ci gaba ɗaruruwan shekaru, ƙwaya na ci, ƙarfe na kai ta.

A 1885 wani Bafaranshe mai suna Fromholt ya ƙera faifan zarto da aka dasa wa baƙin lu'ulu'un Barazil a gefe, ɗaya bayan ɗaya, kowanne a gurbinsa. Da irinsa aka yanka duwatsu masu laushi na gine-ginen Faris a farkon ƙarni na 20. Sai dai tsada ta yi masa yawa, kuma duk ƙwayar da ta fice ta bar giɓi. Mafita ta zo ne tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, lokacin da aka koyi gauraya ɓarɓashin lu'ulu'u da garin ƙarfe, a matse, a gasa da wuta har su zama dunƙule guda. Zuwa wajen 1940 dabarar ta iso zarton dutse. A ganina nan ne aka haifi faifan da muka sani, domin a karon farko an samu baki mai wasa kansa: ƙarfe na zaizayewa, ƙwayar da ta gaji na faɗuwa, sabuwa na leƙowa daga ƙarƙashi.

Masu ba da labarin sun fi son fara shi daga 16 ga Disamba 1954, ranar da Tracy Hall ya mai da ma'adinin karbon lu'ulu'u a ɗakin binciken kamfanin General Electric a Amurka. Kamfanin ASEA na Suwidin ya riga shi a 1953, amma ya ɓoye. Ba a raina wannan nasara. Ita ta 'yantar da masana'antu daga dogaro da ma'adinan Kwango da Afirka ta Kudu, kuma a 1957 lu'ulu'un da aka ƙera ya shiga kasuwa. Amma ƙwayoyin farko ƙanana ne masu saurin farfashewa, sun fi dacewa da wasa kayan aiki, sai a shekarun 1960 aka samu masu ƙwarin da zarto ke buƙata. Sin ta yi nata a 1963, yau kuma mafi yawan lu'ulu'un masana'antu na duniya daga can yake fitowa, musamman lardin Henan. Wannan tarihi ya bayyana dalilin da ya sa faifan ya yi arahar da ƙaramin magini zai ɗaura shi a injin hannu. Bai bayyana dalilin da ya sa biyu masu kama ɗaya suke bambanta a bakin aiki ba.

Bambancin yana cikin ƙarfen riƙon, kuma ƙa'idarsa tana zuwa wa mutane a baibai. Abu mai tauri kamar giranit ko tayil mai ƙyalli yana saurin dakusar da ƙwaya amma ba ya cin ƙarfe, don haka yana son riƙo mai laushi da zai saki ƙwayar da wuri. Bulo, kwalta da ɗanyen kankare kuwa cike suke da yashi mai gurzar ƙarfe, sai riƙo mai tauri, in ba haka ba faifan ya zubar da lu'ulu'unsa da sauran kaifi. Shekaru da yawa kobalt ne gwanin wannan aiki. Rikicin Kolwezi na 1978 a Zayar, inda ake haƙo shi, ya sa farashinsa ya yi tashin gwauron zabi, maƙera suka shiga neman madadi, har aka koma ga gaurayen baƙin ƙarfe da jan ƙarfe. Wasu sun iya haɗin, wasu sun rage tsada kawai. Mai musu zai ce ai ingancin ƙwayoyin da yawansu ma suna bambanta, kuma gaskiyarsa, mai araha yakan tsuke hannu a nan ma. To amma ko faifai mafi tsada, idan na kwalta ne aka kai shi kan giranit, bakinsa zai yi santsi ya daina ci. A goga shi a jikin bulo kaɗan sai ya farfaɗo, abin da ba zai yiwu ba da a ce babu lu'ulu'u a ciki.

Siffar baki ta biyo baya. Mai zagaye ba tsaga na tayil ne, don kada gefe ya ɓantare, kuma ruwa yake so. Mai haƙora da tsaga a tsakani na kankare ne, tsagar na fitar da ƙura da zafi. Haƙoran nan da azurfa ake liƙe su a da, zafi ya yi yawa su ɓalle, har waldar leza ta shigo a shekarun 1980 aka samu damar yanka a bushe. Damar ta zo da tsadarta: ƙurar dutse da ta kankare tana daskarar da huhu, cutar kuma ba ta warkewa, shi ya sa ko faifan da aka rubuta wa izinin yankan bushe gara a tsiyaya masa ruwa, ana kiyaye injin da wayarsa daga jiƙewa.