Batman na 1966: shirin da aka daɗe ana jiran faifansa

Jama'a, wannan Batman da muke nufi ba na sinimar yanzu ba ne. Tsohon shiri ne na tashar ABC ta Amurka, daga 1966 zuwa 1968, kashi 120. Adam West ne Batman, Burt Ward kuma Robin.

Shekara da shekaru masoyansa suna cigiyar faifansa, shiru, sai kwafin sata mai dishi-dishi. Abin da ya riƙe shi, rigimar mallaka ce: shirin na kamfanin Fox ne, shi kuwa Batman ɗin kansa na DC ne, wato gidan Warner.

Sai ran 11 ga Nuwamba 2014 ya fito dukansa a DVD da Blu-ray, an gyara hoton tas. Adam West ya ga fitowar, ya mutu a 2017.