Allurar Ƙeya: Daga Ina Ta Samo Asali?

Wani mai sauraronmu, ɗan dako a Kasuwar Kurmi cikin birnin Kano, ya rubuto cewa ciwon kai ya dame shi. Daga ƙeya yake tasowa, ya haura gefe guda har bayan ido. Ya ji an ce akwai allurar da ake yi a ƙeya, shi ne yake son jin asalinta.

To Malam, mun gode da takardarka. Wannan ciwo ba baƙo ba ne a birni. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa kasuwar taku a ƙarni na 15, a ka ake ɗaukar kaya, kuma gammo bai hana wuya jin jiki. Da ciwo ya tashi sai a nufi wanzami, ya aske ƙeya, ya yi tsaga, ya kafa ƙaho. Gaskiya wanzamai sun gane wurin, domin daidai nan wata babbar jijiya ke fitowa daga saman ƙashin wuya ta bazu cikin fatar kai. Sai dai su jini suke nema, ita kuwa jijiyar saƙon zafi take ɗauka.

Allurar kuwa ba don ciwon kai aka fara ta ba. A 1884 wani likita, Karl Koller, a ƙasar Austiriya, ya ɗiga koken a ido, ya ga ana iya yin aiki a idon ba a ji zafi ba. Koken ɗin nan shi ne hodar ibilis da kuke ji. Ba a daɗe ba William Halsted na Amurka ya gwada zuba shi da allura kusa da jijiya, sai duk sashen da jijiyar ke kula da shi ya mutu murus na ɗan lokaci. Shi Halsted, garin gwadawa a jikinsa, ƙarshenta koken ya kama shi. Wannan ya sa aka shiga neman madadi, har aka samo lidokain a Suwidin a 1943, wanda ake yi maka in za a cire haƙori.

Abin mamaki, likitoci sun daɗe suna gardama kan ko wuya na iya jawo ciwon kai. Sai a 1983 Ottar Sjaastad na ƙasar Norwe da abokan aikinsa suka ba ciwon suna nasa na kansa. Dalilinsa shi ne, jijiyoyin saman wuya da jijiyar fuska duk wuri ɗaya suke kai saƙo a cikin laka, sai ƙwaƙwalwa ta rikice, ciwo yana wuya amma ka ji shi a goshi.

Saboda haka allurar aiki biyu take yi. In an yi ta ciwon ya ɗauke, likita ya ƙara tabbata daga wuya yake. Sannan kana samun sauƙi, wani na sa'o'i, wani na makonni. Amma fa ba ta gyara wuyan. In ka koma ɗaukar buhu kamar da, zai dawo. Motsa wuya yadda masu gashin ƙashi za su koya maka, da rage nauyin kaya, su ne ke daɗewa.

Don Allah kada ka yarda a yi maka ita a kemis ko a zauren wani, akwai hanyar jini dab da jijiyar. Je Asibitin Murtala ko Asibitin Ƙashi na Dala a duba wuyan, a faɗa maka ko ta dace da kai. In kuwa wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi mai zafi da amai, wannan ba na dako ba ne. Yana iya zama sanƙarau, irin wanda ya yi ɓarna a Kano a 1996. A ranar za a tafi asibiti, ko da tsakar dare ne.