Ranar Shuka Biki Ce, Ranar Ban Ruwa Ake Sanin Mutane

Ina ɗan shekara 14 aka fara miƙo mani ɗan icen dogon yaro a cikin baƙar leda, aka ce in je in dasa. A nan Yamai ne, ran 3 ga Agusta 1978, shekara 3 bayan gwamnatin Seyni Kunce ta haɗa bikin samun 'yancin kai da ranar dashen itace. Sarkin samarin unguwarmu ne ya tattara mu tun da asuba, da kiɗan ganga da ɗan ƙosai a takarda, muka nufi bayan gari. Na haƙa rami, na yage ledar, na binne saiwar, na take ƙasa da ƙafa. Da na juya zan tafi sai wani dattijon ma'aikacin gandun daji ya riƙe mani hannu, ya ce: "Yaro, yau kowa ya zo. A watan Afrilu nake son in ga fuskarka." Ban gane nufinsa ba sai da bazara ta kama, muka koma mu 6 kacal da guga da jarka.

Wurin da muka yi dashen shi ne ɗamarar itatuwan da aka fara kewaye Yamai da ita tun 1965, zamanin Diori Hamani. An yi niyyar ta kai kilomita 25 a tsawo, faɗinta kilomita 1, don ta tare ƙura da iskar hunturu. Dogon yaro aka fi sakawa, domin yana jure fari, kuma dabbobi ba su cika damunsa ba saboda ɗacin ganyensa. Farin 1973 da 1974 ne ya sa maganar ta shiga jinin mutane. Wanda ya ga makiyaya sun shigo gari babu ko akuya, ba ya bukatar a yi masa lacca kan gurgusowar hamada. A 1973 ɗin ne kuma wata babbar mota ta kayar da icen nan tilo na hamadar Tenere, aka ɗauko gangar jikinsa aka ajiye a gidan tarihin ƙasa. Daga baya da na zama malamin lakwal, can nake fara kai 'yan lakwal, su tsaya gaban busasshen icen kafin su ruga kallon zakuna da dorina.

Aikin sa kai na wancan zamani sunansa na asali gayya, ƙungiyar matasa ta samariya kawai ta sa masa riga. Ba a tambayar kuɗi, abin kunya ne a ce unguwarku ba ta fito ba. Amma a faɗi gaskiya, akwai tsoron hukuma a ciki, kuma mafi yawan abin da muka dasa bai kai damina ta biyu ba. Babban ciwon shi ne ice ba na manomi ba ne, na gwamnati ne. Mutum ya sare reshen gawo a gonarsa, ɗan gandun daji ya ci shi tara. To wa zai bar ɗan tsiro ya girma ya zame masa shari'a? Sai ya tuge shi tun yana ƙarami. A 1984, ana cikin wani farin, aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada, inda aka yarda cewa ba a yin wannan aiki sai da talakawa a gaba. A jihar Maraɗin ne ma, tun 1983, wani masanin noma mai suna Tony Rinaudo da manoma suka fara sassabe na zamani: a bar kututture ya toho, a zaɓi rassa kaɗan a rage sauran. Aka wayi gari ana maganar hekta miliyan 5 da suka sake yin kore, ba da ledar gandu ba. Dokar gandun daji ta 2004 ta zo ta ƙarfafa hannun manomi a kan icen da ya raina. Mu 'yan birni mun daɗe kafin mu haɗiye wannan darasi.

Fita daji don kallo kuwa, a farko ba namu ba ne. Gandun W, mai sunan lanƙwasar da kogin Isa ya yi a can, ya zama gandun ƙasa tun 1954, faɗinsa hekta 220,000 a ɓangaren Nijar, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996. Sai dai tafiyar kilomita 150 ce zuwa Tapowa, mashigar gandun, tana son mota mai ƙarfi da aljihu mai nauyi. Turawan ofisoshin jakadanci ne ke zuwa kallon giwa da ɓauna, mu kuwa sai labari. Sau 2 na sami zuwa da yara, bayan mun yi wata 3 muna tara dala-dala.

Kure ce ta canza komai. Kilomita 60 kawai daga Yamai, a kan hanyar Doso, babu shinge, babu ƙofa. Raƙuman dawa na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma ne ke yawo a can, cikin gonakin Zabarmawa da mashekarin Fulani. Da can wajen Ayoru da Tilaberi suka fi yawa, fari da farauta suka koro su kudu. Da damina suna kan tudun Kure, cikin dajin nan da ya yi zane-zane kamar bayan damisa in an hango shi daga sama. Da rani su gangara Dallol Boso, wajen Harikanasu, cin ganyen gawo, icen da ke yin kore lokacin da sauran suka zubar. A 1996, shekarar da aka kama wasu don a kai wa shugabannin waje kyauta har da dama suka mutu, 49 kaɗai aka ƙirga. Mutum yana iya sanin kowane ɗaya da ido.

Haka kuwa ake ƙirga su. Kowane raƙumin dawa da zanen jikinsa, ba ya kama da na wani. Da damina ake fita, a ɗauki hoton gefen dama da na hagu, a gwada da kundin bara. Na yi damina da yawa ina riƙe da wannan kundi a bayan mota, kuma ban taɓa riga 'yan rakiya gane dabba ba. Samarin ƙauyukan ne, da yawansu ba su yi nisa a lakwal ba, amma daga nesa mutum zai ce maka: "Waccan ce mai tabo a wuya, ɗanta na bara ne ke bin ta." Su suka haɗu cikin ƙungiyar AVEN, suna raka baƙi bi da bi. Ƙungiyar ASGN kuma ta bi ta wata hanya: rijiyoyi, ƙananan bashi ga mata, tallafin noma, domin ƙauye ya ga cewa zaman dabbar yana da amfani.

Wata rana a lokacin kaka na tarar da wani tsoho a bakin gonarsa, garken raƙuman dawa ya gama share masa wake. Na fara yi masa bayanin muhimmancin dabbar, irin wanda muke yi a ɗakin taro. Ya bari na gama, sannan ya ce: "Malam, kai ranar Lahadi kake zuwa ganinsu. Ni da su nake kwana." Na ce, "Gaskiya ne, Baba," na yi shiru. Duk cikinmu masu kiran kanmu 'yan sa kai, babu wanda ya ba da abin da wannan tsoho ya bayar. Mu lokacinmu muka bayar, shi abincin iyalinsa. Haƙurin irinsa ne ya sa 49 suka haura 600 kafin 2018, har a watan Nuwamba na shekarar aka ɗauki 8 a mota, tafiyar sama da kilomita 800, zuwa gandun Gadabeji da ke yankin Dakwaro, don kada ƙwai duka ya zauna a kwando ɗaya.

Kuɗin ayyukan raya karkara sun yi rana, sun kuma yi ɓarna. Da su aka haƙa dubban ramukan rabin wata a kan faƙo, ciyawa ta dawo. Amma sun koya wa mutane wata tambaya da ba mu sani ba a zamanin samariya: "Nawa za a ba mu?" Na taɓa kiran samari 40 aikin shinge, da suka ji babu kuɗin zama, 9 suka rage. Ban zarge su ba, mai yunwa ba a yi masa wa'azi. Ɗamarar Yamai ma, muna kallo aka yi ta yanka ta filaye, wani wuri ya zama juji, leda ta maƙale a rassan da muka shayar. Motocin itace kuma ba su daina shigowa daga dajin Kure ba, tunda tukunyar Yamai har yanzu da ice take tafasa.

Ran 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure: Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban 'yan rakiya. Aka rufe wurin. Gandun W ma rashin tsaro ya hana shiga. Baƙi suka ɗauke ƙafa, abincin 'yan rakiya ya yanke rana ɗaya. Duk wanda ya gina kare daji a kan kuɗin mai yawon buɗe ido kaɗai, ranar ya ga inda ɗakin ke yoyo. Amma raƙuman dawa ba su san an rufe ba, kuma manoman ba su fasa zama da su ba.

Yanzu samari da 'yan mata na Yamai ta WhatsApp suke kiran juna. Su fita ƙarshen mako, su tsince leda a bakin kogi, su hau tuddan hayin Harobanda da sanyin safiya, su yi dashe ran 3 ga Agusta da riguna iri ɗaya. Suna gayyata ta a matsayin tsohon hannu, kuma nakan je. Bara wata yarinya, sa'ar jikata, ta gama dasa ɗan gawo, ta ɗaga waya ta ɗauki hoto, ta ce, "Kaka, ka gani? Na dasa nawa." Na sa mata albarka, na tambaye ta ko gidansu akwai jarka. Ta ce akwai. Na ce ta ajiye ta kusa, a watan Afrilu nake son in ga fuskarta.